Mil ko kilomita: Yadda malejin motocin Amurka ke ruɗar direbobi a hanyoyin Haɗeja

A tashoshin motar Haɗeja, kamar sauran tashoshin Arewa, idan aka ce direba ya ƙure maleji kowa ya san abin da ake nufi: ya taka totur har allura ta kwanta. Sai dai ba kowa ne ke tambayar da wane ma'auni malejin yake magana ba.

Motoci biyu za su iya tashi daga tasha ɗaya su kama hanyar Gujungu, allurar kowacce tana kan 80. Ta farko Golf ce da ta fito daga Jamus, tana gudun kilomita 80 a sa'a, daidai iyakar da doka ta yanka. Ta biyu Sienna ce da aka shigo da ita daga Amurka, kuma 80 ɗinta mil ce, wato kusan kilomita 129 a sa'a. Cikin minti goma ta biyun za ta ba ta farkon ratar kilomita takwas, alhali direbobin biyu lamba ɗaya suke gani a gabansu.

Najeriya da kilomita take aiki. Allunan gefen titi, dokokin tuƙi da na'urorin jami'an tsaron hanya duk da kilomita suke lissafi. Amma dubban motocin da ke bin titunan ƙasar an ƙera su ne domin direbobin Amurka, inda har yau mil ake ƙirgawa. Wannan bambanci yana shafar rai, yana kuma shafar aljihu.

Yadda mil ta tafi ta dawo

Mil ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ita kanta kalmar maleji daga mil ta samo asali, tun zamanin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa hanyoyi suna kafa duwatsu masu lamba a gefensu. Har yanzu sunayen wurare na riƙe da wannan tarihi. Akwai unguwar Mil Tara a kan hanyar Katsina a Kano, akwai kuma kasuwar Mile 12 a Legas, inda ake sauke tattasai da tumatir da albasar da ake lodawa daga Arewa.

Asalin ma'aunin na Rumawa ne, waɗanda ke ƙirga taku dubu na soja a matsayin mil ɗaya. Ingila ta tsayar da tsawonta a kan ƙafa 5,280 a shekarar 1593, sannan a 1959 ƙasashen da ke amfani da ita suka daidaita a kan cewa mil ɗaya daidai take da kilomita 1.609. Ita kuwa kilomita a Faransa aka haife ta a ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa maƙwabta irin su Jamhuriyar Nijar ba su taɓa sanin wani ma'aunin hanya ba sai ita.

A farkon shekarun 1970, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta yi manyan sauye-sauye a jere. Ranar 2 ga Afrilun 1972 aka koma tuƙi a hannun dama. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. A cikin waɗannan shekaru ne kuma ƙasar ta rungumi mita da kilo da lita. Motocin Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 duk da malejin kilomita suka fito, kuma a kansu ne tsofaffin direbobin yau da dama suka koyi tuƙi.

Da tattalin arziki ya yi tsanani sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, sai kasuwa ta koma kan na hannu. Na farko-farko daga Turai suke zuwa, abin da ya sa har yau ake kiran su 'yan Beljiyam, wasu kuma 'yan Kwatano saboda tashar jirgin ruwan da ake sauke su. Golf da Sharan da J5, waɗanda suka daɗe suna jigilar fasinja da kaya a Jigawa, duk na wannan zubi ne, kuma malejinsu na kilomita ne.

Daga baya kasuwa ta karkata zuwa Amurka. Camry da Corolla da Accord da Highlander da Sienna suka cika wuraren sayar da motoci a Kano da Kaduna da Abuja. Ita Sienna a jihar Indiana ake ƙera ta, domin kasuwar Arewacin Amurka, amma a Najeriya ta zama motar haya ta dogon zango. Ta haka mil ta dawo, ba a kan allon titi ba, a gaban sitiyari.

Abin da doka ta yanka

Kundin dokokin hanya da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ke aiki da shi ya raba hanyoyi gida uku: cikin gari, babbar hanya, da tagwayen titi na musamman da ake kira ekspres.

Ƙaramar motar gida: kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a ekspres.

Tasi da bas na haya: 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a ekspres.

Tanka da tirela: 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a ekspres.

Hanyoyin da suka haɗa Haɗeja da Malam Madori da Kafin Hausa da Auyo da Kiri Kasamma da Birniwa ba ekspres ba ne, falle ɗaya ne da mai zuwa da mai dawowa ke rabawa. Iyakar ƙaramar mota a kansu kilomita 80 ce. A malejin mil, wannan 50 ce kacal.

Ga yadda lambobin suke idan aka juya su:

Kilomita 30 ita ce mil 19.

Kilomita 50 ita ce mil 31.

Kilomita 60 ita ce mil 37.

Kilomita 80 ita ce mil 50.

Kilomita 90 ita ce mil 56.

Kilomita 100 ita ce mil 62.

Ma'ana, babu wani titi a Najeriya da doka ta yarda allurar malejin mil ta wuce 62 a kansa. Wanda ya kai ta 100 yana ganin ai bai wuce ƙa'ida ba, kilomita 161 yake yi.

Akwai lissafin ka mai sauƙi da direba zai iya riƙewa. A ɗauki lambar da ke kan maleji, a ƙara mata rabinta, a sake ƙara kashi ɗaya cikin goma nata. Idan 60 ce, rabinta 30, kashi ɗaya cikin goma 6, jimilla 96. Idan 70 ce, sai a ƙara 35 da 7, a samu 112.

Abin da gudu ke yi wa birki

Haɗarin ba a lamba kawai yake ba. Nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi. Idan gudu ya ninka biyu, nisan birki sai ya ninka huɗu.

A ɗauki busasshiyar kwalta, da tayoyi masu kyau, da direban da ke buƙatar daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai ga birki. Lissafi ya nuna mai gudun kilomita 50 zai tsaya cikin kimanin mita 28. Mai gudun mil 50 yana buƙatar kusan mita 59. A wurin da na farko ya riga ya tsaya cik, na biyu ko rabin gudunsa bai zubar ba.

A babbar hanya ratar ta fi haka muni. Mai kilomita 80 zai tsaya cikin mita 58, mai mil 80 kuwa sai ya ci kusan mita 129, fiye da tsawon filin ƙwallon ƙafa. Idan kwalta ta jiƙe ko yashi ya hau ta, nisan ya ƙaru ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce duk ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗarin da ake rasa rai da kashi huɗu cikin ɗari. Ta kuma ce yiwuwar mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta buge tana ninkawa sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. Direban da ya ratsa gari allurarsa na kan mil 50 ya wuce wannan matakin nesa ba kusa ba.

Me ya sa abin ya fi tsanani a fadamar Haɗeja?

Yankin shimfiɗaɗɗe ne, ba tudu ba gangare. Hanya kan miƙe sambal na tsawon kilomitoci, kuma a irin wannan wuri ido ba ya auna gudu da kyau, saboda babu gine-gine ko duwatsun da ke wucewa a gefe su tunatar da direba. Sababbin motoci kuma ba su da ƙara da jijjiga irin na tsohuwar Golf. Mutumin da ya saba jin gudu a jikinsa, idan ya koma Sienna ko Camry, ba abin da ya rage masa sai allura. Idan ya karanta ta ba daidai ba, babu mai yi masa gyara.

Sannan ba motoci kaɗai ke da hanyar ba. Kogin Haɗeja da rassansa sun mayar da yankin cibiyar noman shinkafa da alkama da kayan gwari, musamman a wajen Auyo inda aikin noman rani na Kwarin Haɗeja yake. Da asuba da yamma titi kan cika da amalanken shanu, da babura ɗauke da buhuna, da kekuna, da garken dabbobi masu tsallakawa zuwa mashaya. Yawancin amalanke ba su da fitila ko wani abu mai ƙyalli a baya. A lokacin girbi wasu kan shanya amfanin gona a gefen kwalta. Ranar kasuwa kuwa, a garuruwa irin su Gujungu, titin da kasuwar kan zama abu ɗaya.

Da damina lamarin ya sake sauyawa. A wurare da dama hanyar a kan tudun da aka cike take, ruwa dama da hagu, ga kachala ta rufe gefe. Wanda ya kauce daga kwalta a nan ba cikin gona zai faɗa ba, cikin ruwa ne. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun yanke hanyoyi sun karya kwalbatoci a sassa da dama na Jigawa, kuma wurin da ruwa ya taɓa ci yakan bar rami ko gargada da ba a hangowa daga nesa.

Ga kuma matsin sana'a. Haɗeja na da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kifi a Arewa, kuma ɗanyen kifi da tumatir ba sa jira. Direban haya shi ma yana son ya ƙara sawu kafin rana ta faɗi. Mai gaggawa da malejin da ke nuna masa ƙaramar lamba ba ya ganin dalilin ɗaga ƙafa.

Gogaggun direbobi da dama sun san bambancin. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne sabon mai mota, da yaron mota da ya fara karɓar sitiyari, da wanda ya ari motar ɗan uwa domin zuwa biki ko ta'aziyya. Fasinja ma abin ya shafe shi: wanda ya leƙa ya ga allura a kan 75 sai ya kwantar da hankalinsa ya yi shiru, bai san kilomita 120 ake yi da shi ba.

Yadda ake gane irin malejin

Hanya ta farko ita ce duba rubutun da ke fuskar malejin. Idan an rubuta MPH da manyan baƙaƙe, mil ce. Idan km/h ce, kilomita ce. Yawancin motocin Amurka na da layi biyu na lambobi: manya a waje na mil, ƙanana a ciki na kilomita. Motocin Kanada akasin haka ne, domin ƙasar ta koma kilomita a titunanta tun 1977, don haka Sienna ko Corolla biyu masu kama ɗaya za su iya bambanta.

Hanya ta biyu ita ce lambar ƙarshe. Malejin mil yawanci yakan tsaya a 120 ko 140 ko 160. Na kilomita kan kai 200 zuwa 260.

Hanya ta uku gwaji ne da waya. Manhajojin taswira da na auna gudu suna amfani da tauraron ɗan'adam, ba ruwansu da abin da ke cikin mota. Sai wanda ke zaune kusa da direba ya riƙe wayar, a samu miƙaƙƙiyar hanya, a tsayar da allura a kan 50 na ɗan lokaci. Idan wayar ta nuna wajen 80, malejin na mil ne. Direba ba ya yin wannan gwaji shi kaɗai yana tuƙi.

Hanyoyin sauya shi

Kafin a taɓa komai, yana da kyau a san yadda abin ke aiki. A tsofaffin motoci waya ce mai juyawa ke tasowa daga giyabos zuwa bayan maleji, tana juya wani ɗan maganaɗisu da ke jan allura. A na zamani babu wannan waya. Sansa ce a giyabos ko a ƙafafun mota ke ƙirga juyawar taya, ta aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta umarci allura. Mota ba ta san mil ko kilomita ba, juyin taya kawai take ƙirgawa. Fassarar a fuskar maleji take.

Mafi sauƙin hanya ita ce ta saiti. Motoci da yawa na baya-bayan nan suna da ɗan allo mai nuna gudu da lambobi, kuma ana iya sauya ma'auninsa ta maɓallan sitiyari ko na dashbod. Minti biyu ya isa, kuma ba a biyan ko kwabo. A wasu motocin lambobin allon ne kawai ke sauyawa, allurar tana nan a kan mil, don haka sai a sake gwadawa bayan an saita.

Ta biyu ita ce sabawa da ƙananan lambobin ciki. Matsalarsu ƙanƙanta: da daddare, ko ga mai raunin ido, karanta su na ɗauke hankali daga titi. Dabarar da ta fi ita ce a manna 'yan siraran alamomi masu launi a kan gilashin malejin, ɗaya a kan 31, ɗaya a kan 50, ɗaya a kan 62. Ta farko ta cikin gari, ta biyu ta babbar hanya, ta uku ta ekspres. Duk wanda ya karɓi motar, kallo ɗaya ya ishe shi.

Ta uku ita ce sauya fuskar malejin da wadda aka buga da kilomita. Aiki ne mai kyau idan an samu fuskar da aka yi domin wannan samfurin motar, amma yana buƙatar hannu mai natsuwa. Dole a cire allura, kuma idan aka mayar da ita a karkace ko da kaɗan ne, ƙarya za ta riƙa yi har abada. Wannan hanya ba ta taɓa lambar nisan tafiya, ita tana nan tana ƙirga mil.

Ta huɗu ita ce sauya akwatin malejin gaba ɗaya da na irin motar da aka yi wa Kanada ko Turai ko ƙasashen Larabawa. A nan ne mutane suka fi shiga matsala. A motoci da dama lambar nisan tafiya a cikin akwatin take ajiye, don haka sabon zai zo da lambar wata mota. A wasu kuma akwatin yana da alaƙa da tsarin tsaron makulli, idan aka sauya shi ba tare da an saita da kwamfuta ba mota sai ta ƙi tashi. Ko da soket ya shiga daidai, ma'aunin mai ko na zafin inji na iya rikicewa idan samfurin ya bambanta.

Ta biyar ita ce ɗan akwatin da ake haɗawa a kan wayar sansa, wanda ke sauya saƙon kafin ya kai ga allura. Inda aka haɗa shi ne muhimmi. Idan saƙon da aka sauya ya shiga ƙwaƙwalwar mota, ita ma za ta ruɗe, kuma da wannan saƙo take yanke lokacin sauya giya a mota mai sarrafa kanta. Mai gyaran wayarin da bai da zanen wayoyin motar a hannu bai kamata ya yanka ko ɗaya ba.

Ta shida ita ce ƙaramin allo na daban da ake ɗorawa a kan dashbod, mai aiki da tauraron ɗan'adam ko wanda ake soka shi a soket ɗin da makanikai ke haɗa kwamfutar bincike. Ba a kwance komai, kuma ana iya cire shi a kowane lokaci.

Ga masu motocin haya akwai ƙarin dalili. Tun 1 ga Fabrairun 2017 FRSC ta fara tilasta sanya na'urar ƙayyade gudu a motocin haya, kuma da kilomita ake saita ta. Sienna da aka ƙayyade a kan 90, allurarta a kan 56 za ta tsaya. Direban da bai san haka ba zai ɗauka inji ne ya mutu ko an cuce shi, ya tafi neman wanda zai cire na'urar.

Taya ma na sa maleji ƙarya

Ko malejin kilomita ne, ba lallai ya faɗi gaskiya ba. Saboda ramuka da yashi da laka, masu motoci da dama kan sa tayar da ta fi ta asali tsayi domin cikin mota ya ɗaga. Babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a kowane juyi, amma sansa juyin kawai take ƙirgawa.

Misali, motar da aka ƙera da taya mai lamba 215/60 R16, idan aka sa mata 215/70 R16, tsayin tayar ya ƙaru da kusan kashi shida da rabi cikin ɗari. Allura na kan 100, mota na yin 106 da ɗoriya. Idan aka haɗa wannan da malejin mil, wanda ke ganin 80 ya kai kilomita 137. Girman tayar da kamfani ya tsara yana rubuce a wata takarda da ke manne a jikin ƙofar direba.

Ƙa'idar da motocin Turai ke bi ta hana maleji nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarda ya nuna sama da shi har zuwa kashi goma cikin ɗari da ƙarin kilomita huɗu. Shi ya sa waya kan nuna 95 alhali allura na kan 100. Wannan ba lalacewa ba ce. Abin damuwa shi ne idan wayar ce ke nuna lamba mafi girma.

Ɗaya lambar, mai cin kuɗi

A ƙasan allura akwai lambar da ke ƙirga duk nisan da mota ta yi tun da aka ƙera ta, kuma da ita ake cinikin motar hannu. Idan dillali ya ce mota ta yi dubu 120, tambayar farko ita ce: dubu 120 na me? Idan mil ce, kilomita dubu 193 ke nan. Mil dubu 150 kuwa ta haura kilomita dubu 241. A kwatanta da tafiyar Kano zuwa Haɗeja, wadda ke wajen kilomita 200: ratar da ke tsakanin lambobin biyu na ƙarshe ta kai sawu 450.

Haka abin yake wajen juyen baƙin mai. Idan bakanike ya ce a dawo bayan kilomita 5,000, mai mota kuma ya ƙirga 5,000 a malejin mil, ya yi kilomita 8,000 da man. A yankin da zafin bazara ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, wannan jinkiri yana rage wa inji kwana. Duk sauran abubuwan da ake sauyawa bisa nisan tafiya, kamar bel ɗin inji da man giya, haka lissafinsu ke karkacewa.

Sauran lambobin dashbod ma na Amurka ne. Wadda ke nuna nisan da man da ya rage zai kai, mil take ƙirgawa. Shan mai kuma da galan ɗin Amurka ake auna shi, wanda lita 3.8 ne. Motar da ke nuna mil 25 a galan tana yin kimanin kilomita goma da rabi ne a lita.

Sauya akwatin maleji ya kuma zama ƙofar ha'inci, domin da sunan mayar da shi kilomita ana iya zaftare lambar nisan tafiya. A Amurka doka ta haramta taɓa wannan lamba, kuma ta wajabta cewa idan aka sauya akwati lambar ta bambanta, a manna sanarwa a jikin ƙofar direba mai ɗauke da tsohuwar lambar da ranar aikin. Mai saye a nan na iya kare kansa da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba. Da ita ake neman tarihin motar Amurka a intanet, ciki har da nisan da aka rubuta mata kafin a loda ta a jirgi. Wanda kuma ya sauya akwati da niyya mai kyau, ya ɗauki hoton tsohuwar lambar ya ajiye tare da takardun mota, ya nuna wa duk wanda zai saya daga hannunsa.

Can ma suna fama, amma ta baibai

A Birtaniya matsalar a juye take. Titunan ƙasar da mil suke aiki, kuma dokarta ta ce duk motar da aka fara hawa daga 1 ga Afrilun 1984 dole malejinta ya iya nuna mil da kilomita. Saboda haka wanda ya sayo mota daga Jamus ko Faransa ko Japan sai ya sauya malejin daga kilomita zuwa mil.

Waɗanda abin ya fi shafa sun haɗa da masu sayen motar nan mai ɗaki, wadda ake yi wa gado da kicin da banɗaki a ciki domin yawon hutu. Da yawansu a kan gangar jikin Fiat Ducato ake gina su, kuma samfurin farko na Ducato tagwaye ne da J5 ɗin da ke ɗaukar tattasai daga Haɗeja zuwa Kudu, masana'anta ɗaya ta ƙera su a Italiya. Hanyoyin da suke bi su ne dai waɗanda aka lissafa: sabuwar fuska, ɗan akwatin sauya saƙo, ko saiti. Bambancin shi ne kuskurensu ba ya kisa kamar na nan. Baturen da ya ɗauki kilomita 70 a matsayin mil 70 tafiyar hawainiya zai yi ya tare hanya. Direban Jigawa da ya ɗauki mil a matsayin kilomita gudu yake ƙarawa da kashi sittin cikin ɗari.

Jamhuriyar Ireland ta sauya iyakokin gudunta daga mil zuwa kilomita ranar 20 ga Janairun 2005, lokacin da akasarin motocin ƙasar ke da malejin mil. Gwamnati ta sauya alluna, ta kuma yi gangamin wayar da kan direbobi a kan yadda za su juya lambobin. A Najeriya babu wata rana da aka yi irin wannan sauyi, motocin ne suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowane mai mota aka bar shi ya gano da kansa.

Wannan giɓi ba ya buƙatar kasafin kuɗi kafin a cike shi. Shugabannin tasha da ke rubuta sunayen fasinja kafin mota ta tashi za su iya duba malejin kowace sabuwar mota da ta shiga layi. Makarantun koyon tuƙi za su iya sa juya lambobin cikin darasin farko. Mai sayar da mota zai iya faɗa wa mai saye kafin ya miƙa makulli. Shi kuwa mai mota, lambobi uku ne kawai zai riƙe idan malejinsa na mil ne: 31 a cikin gari, 50 a hanyoyin Haɗeja da kewaye, 62 a ekspres.